Yadda Na Bar Bishir Jingina a Maraɗi Saboda Kyamara

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta Ƙofar Kaura duk wanda ya zo sai ya ce in ɗauko masa labarin daga farko, kuma da na buɗe baki sai Malam Bishir ya tare ni ya ce ba haka aka yi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, a nan dai Bishir ba shi da hanyar sa mini baki.

Sunana Sada, malamin makaranta ne ni. Ɗaukar hoto sha'awa ce kawai, ba sana'a ba. Shekara da shekaru ina fama da wata tsohuwar kyamara baƙa, ƙatuwa, mai nauyin dutsen guga. In na rataya ta na yini, washegari sai in juya jiki gaba ɗaya in ana kirana, don wuya ya ƙi. Nauyin ma da sauƙi. Babbar matsalarta ita ce in na ɗaga ta mutane kashi biyu suke rabuwa: masu gudu, da masu gyara hula su daina numfashi. A gidan biki kuwa mai hoton haya ake ɗaukata. Akwai Hajiyar da ta taɓa yi mini tsawa a bikin ɗan ƙanina, wai na zauna cin alkaki amarya na jira.

Sai na ji labarin wasu ƙananan kyamarori da ake ce wa marasa madubi. Irin tawa tana da madubi a ciki, shi ke ɗagawa ya faɗo ya yi ƙarar nan da ke firgita yara. Sababbin an cire musu shi, suka ƙanƙance, suka yi shiru, amma hoton bai ragu ba. Na kamu da son su. Na lallaɓa matata Hajara har ta yarda in taɓa abin da muka ware don sauya firij. Amma ta kafa mini sharaɗi.

"Malam, in ka sayo abin da zai ƙare a saman sif yana shan ƙura, to duk bazara kai za ka riƙa zuwa sayen ƙanƙara da kanka."

Na zaga Katsina ban samu inda zan riƙe irin kyamarar a hannu in gwada ba. Masu tallar ta a waya kuwa hoto kawai suke turo maka su ce ka biya tukuna. Ana haka Haruna, ɗan Gwaggona Tabawa da ke aure a Maraɗi, ya ce akwai wani mai shago a can, Alhaji Lawali, da ke kawo na hannu masu kyau, har yana karɓar tsohuwa a yi masa ciko.

Da Bishir ya ji, sai ya ce ƙafarsa ƙafata. Makarantarmu ɗaya, lissafi yake koyarwa. Bai taɓa mallakar kyamara ba, amma babu bidiyon bayanin kyamara da bai kalla ba a waya. Ya ce in na tafi ni kaɗai za a cuce ni, kuma shi yana jin Faransanci. Daga baya na gano Faransancin nasa bai wuce gaisuwar safe ba.

Mun kama motar Jibiya da sanyin safiya. Direba ya ce mu biyu mu shiga gaba. Bishir ba ƙaramin mutum ba ne, don haka shi ya samu kujera, ni na samu abin da ya rage, wato rabin giya. Duk sanda direba zai sauya giya sai ya ce, "Malam, ɗaga," in ɗaga cinya. Har muka isa Jibiya da ni ake tuƙin motar nan. A baya akwai wata tsohuwa riƙe da kwandon zabbi, ta ga jakar da na rungume ta tambaya ko jariri ne. Na ce kyamara ce. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta sake buɗewa ba har muka sauka, alhali kyamarar ko fito da ita ban yi ba.

A kan iyaka, ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. Da muka tsallaka sai wani jandarma dogo, jami'in tsaron can, ya yafito mu. Bishir ya ture ni gefe, ya gyara murya ya ce, "Bonju, mushe."

Mutumin ya dube shi ya ce, "Lahiya lau, Malam. An tashi lahiya? Ina gajiyar hanya?"

Hausarsa ta fi tamu tsabta. Bishir ya koma bayana ya tsaya.

Ya duba katunanmu, ya ce in buɗe jaka. Da ya ga ƙatuwar kyamarar ya tambaya ko ɗan jarida ne ni. Na ce a'a, sha'awa ce. Ya ce in kunna ya gani. Ya yi ta wucewa da hotuna, yana wucewa, fuskarsa na sauyawa.

"Malam, ƙohwa ce wannan. Wannan ma ƙohwa. Akuya. Ƙohwa. Ƙeyar wani. Garin naku ba mutane?"

Na ce akwai, gudu suke yi. Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya nuna masa akuyar, sannan ya gargaɗe ni kada in ɗauki komai a wurin, ya sallame mu. Maganarsa ta tsaya mini a rai har Maraɗi. Gaskiya ya faɗa. Shekarun nan duk, mutane nake son ɗauka, amma ƙofofi na tara.

Haruna ya tarbe mu a tasha ya kai mu gida. Gwaggo Tabawa ƙanwar mahaifina ce, tun tana yarinya aka kawo ta garin. Rabonta da Babanmu an daɗe ƙwarai, shi ƙafa ta hana shi tafiya, ita kuma hawan mota na sa ta jiri. A waya kawai suke gaisawa, kowa da 'yar ƙaramarsa mai madanni. Ta riƙe hannuna ta yi ta jero gaisuwa, ta tambayi mutanen Ƙofar Sauri, unguwar su Baba, gida gida, har da waɗanda suka rasu tun ina firamare. Maganarta irin ta kakanninmu ce sak, sai dai can tsakiya ka ji ta jefo Faransanci, "dakor" a madadin "to", ko "wala" a madadin "yauwa", kamar ba komai.

Aka sauke mu a ɗakin zaure, tare da buhunan gyaɗa da wani rago da aka ɗaure a bakin ƙofa, wanda ya ɗauki takalmin Bishir a matsayin abinci. Muna zaune Haruna ya leƙo ya ce mu yi haƙuri da zafi, kuran ya tafi amma yanzu zai dawo.

Bishir ya miƙe tsaye. "Kura? A cikin gida?"

Ashe wutar lantarki suke kira haka. Haruna ya yi dariya har ya dafa bango, kafin la'asar kuma duk layin sun san baƙon Najeriya mai tsoron kuran.

Abinci kam ba a magana. Fura ce aka fara kawowa, mai kauri, wadda in ka tsayar da ludayi a ciki zai tsaya. Sai dambu da zogale, sai kilishi. Da safe kuma burodinsu dogo kamar sanda, mai tauri a baya, a tsaga shi a zuba wake da mai. Bishir ya ce wannan ba burodi ba ne, makami ne, amma nasa ya cinye ya ƙara da rabin nawa.

Zuwanmu na farko shagon Alhaji Lawali a rufe muka same shi. Mun je da tsakar rana, ashe a nan in rana ta take mutane da yawa gida suke komawa su kwanta, sai ta yi sanyi a fito. A Katsina ɗan kasuwa ya rufe shago da rana don barci, ai sai a je duba shi a ɗauka ba shi da lafiya. Muka zauna da wasu mutane a gindin bishiya, abin da muke ce wa majalisa su fada suke cewa. Suka ba mu shayi a ɗan mitsitsin kofin gilashi, baƙi, mai ɗaci, da kumfa a sama. Na shanye na yi godiya zan tashi, suka ce ina, ai na farko ke nan, akwai na biyu da na uku, kuma ba a tashi a tsakiya.

Alhaji Lawali ya iso da yamma, gajere mai ƙiba, da tabarau a goshi. Shagon ɗan ƙarami ne, amma kyamarori har rufi. Shi "aparai" yake ce musu. Ya karɓi tsohuwata ya jinjina ta ya ce Allah ya saka wa wuyana da alheri. Sannan ya fiddo wata sabuwa fil, da dogon gilashi a gaba kamar bututu.

Nan take shi da Bishir suka gane juna. Alhaji ya faɗi wani adadi, Bishir ya faɗi wanda ya fi shi. Suka shiga maganar yawan ɗigon hoto, da hotuna nawa take ɗauka a ƙiftawar ido, da yadda za ta kamo idon tsuntsu yana tashi. Ni mai sayen aka manta da ni a tsaye.

"Sada, wannan ce," in ji Bishir. "Da ita har fim za ka yi."

"Ni na ce maka zan yi fim?"

"To in ka tashi yi fa?"

Na ɗauke ta. Gangar jikin ƙarama ce, gaskiya, amma da gilashin nan nauyinta ya kusa na wadda na kawo. Na gwada sa ta a aljihun kaftani, don ina son abin da zan fita da shi kullum ba tare da jaka ba. Na ji ƙyat, aljihu ya yage har ƙasa. Alhaji ya ce laifin tela ne.

Na ce a nuna mini ƙanana. Ya fiddo wata 'yar mitsitsiya fara, kyakkyawa, kamar akwatin ashana babba. Can ƙasan kanta kuma na hango wata baƙa da fenti ya goge a gefunanta, na ce ita ma a miƙo. Alhaji ya ce ta wani ma'aikacin agaji ce da ya koma ƙasarsu, ta sha yawo. Bishir ya taɓe baki ya ce tsohon yayi ce, babu wanda ya yabe ta a bidiyo tun shekarun baya.

Na ce ba zan iya zaɓa a cikin shago ba, sai na fita da su na gwada. Alhaji ya ce bai san ni ba. Na ce ya san Haruna. Ya ce sanin Haruna ne ma ya sa. Sai idona ya faɗa kan Bishir.

"Alhaji, ga abokina. Ka riƙe shi har in dawo."

Bishir ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya riga shi, ya ce dakor, ya jawo masa kujera ya aika a ɗora shayi.

Da na fita da farar nan rana na nan da sauranta. Ba ta da maleƙin da ake kanga ido, allon baya kawai gare ta. Na ɗaga zan ɗauki wani mai amalanke, ban ga komai a allon ba sai fuskata da gumi. Ga madannanta ƙanana, yatsana ɗaya yana danna biyu. Na ɗauki bidiyon ƙafafuna ban sani ba. Baƙar kuwa tana da maleƙi, allonta kuma yana lanƙwasowa sama, ga wurin riƙo da ya cika hannu. Gilashinta gajere ne, ba ya jawo na nesa, in kana son abu sai ka taka ka je kusa da shi. Ta shiga aljihuna na hagu, wanda ya rage, ta zauna lafiya.

Na wuce gida da su. Tun isowarmu na roƙi Gwaggo ta bari in ɗauke ta da tsohuwar kyamarar. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da atamfa mai sitaci da sarƙa, ta zauna ta ɗaure fuska kamar an kawo mata sammaci. Hoton da na samu ko ni na ji tsoronsa. Yanzu kuwa na tarar da ita a tsakar gida da tsohon zanenta, tana tsinkar zogale a faifai, tana yi wa Haruna faɗa kan ya ƙi ƙara wa ragon dusa. Na zauna a tabarma na ɗora baƙar kyamarar a gwiwa, na lanƙwaso allon ina kallon ƙasa.

"Mi ne ne wannan kuma?" ta tambaya.

"Ita ce nake son saye, Gwaggo. Marar madubi."

"Marar madubi? To da mi za ta ga mutum? Sun cire maka abu sun ce ka biya, kai kuma ka yarda. Halin ubanka ke nan, tun yana yaro a kasuwa ake cutarsa."

Daga nan ta ɗauko labarin yadda Baba ya taɓa sayo tunkiya aka ce masa tana da ciki, ashe kumburi ne. Tana faɗa tana dariya, har ta jefa kai baya, hawaye na zubo mata, zogale na zubewa daga faifan. Na danna. Ba ƙara, ba walƙiya. Na sake dannawa.

Da ta natsu na matsa na nuna mata, na ce in ba ta so in goge. Ta ƙura ido. Ta ce ni ɗan banza ne, na ɗauke ta ba ɗankwalin kirki. Na kai yatsa zan goge ta buge mini hannu.

"Wa ya ce ka taɓa? Mayar da ita in ƙara gani."

A nan na gama zaɓe. Ban ƙara tunanin ɗigon hoto ko idon tsuntsu ba.

Sai da aka kira magariba na tuna da Bishir. Na same shi ya sha shayi zagaye biyu cikakku, wato har da na wasu baƙi da suka zo bayan na farko, idonsa ya bushe. Har ya taya Alhaji sayar wa wani caja. Ya ce bai taɓa sanin ni maci amana ne ba sai ranar. Da ya ji baƙar na zaɓa ya kama kai. Alhaji ma ya yi ƙoƙarin mayar da ni kan mai bututun, da ya ga na kafe sai ya juya ya ce dama ita ce ya yi niyyar ba ni shawara tun farko. Ya dai faɗa mini gaskiya ɗaya, cewa irin waɗannan batir suke sha kamar ruwa. Na sa ya haɗa mini da na biyu. Muka yi ciniki, na bar masa tsohuwata na yi ciko. Da zan fita na waiwaya na dube ta a kan kanta, na ji wani iri, amma wuyana bai ji komai ba.

Matsala ɗaya ta rage, duk rubutun cikinta Faransanci ne. A motar dawowa Bishir ya ce in ba shi, yanzu zai mayar da ita Turanci, ya ga yadda ake yi. Ya yi ta danne-danne tun daga Ɗan Isa, garin bakin iyaka ta ɓangarensu. Muna shiga Jibiya ya miƙo mini ita a hankali yana kallon taga. Ta bar Faransanci kam. Ta koma wani rubutu mai kama da an zubar da tsinken ashana, wanda ba mu san ko na wace ƙasa ba ne. Har yau a haka take. Na haddace wuraren da nake buƙata da 'yan zane-zanen gefe, sauran kuwa ba na shiga. Cajarta ma da na zo gida ta ƙi shiga soket ɗinmu, ƙafafunta biyu ne zagayayyu irin na can, sai da na nemo mahaɗi a kasuwa. Hajara ta tsaya tana kallona ina fama, sai ta je ta buɗe tsohon firij ta rufe da ƙarfi. Amma da ta ga hoton da na ɗauke ta tana yi wa 'yarmu kitso, ita ta ce a wanke shi babba.

Ranar Juma'a na je Ƙofar Sauri gaida Baba, in kai masa kilishi da saƙon Gwaggo. Baba mutum ne da bai yarda da hoto ba. In ka cire na katin shaida, babu hotonsa ko ɗaya a gidanmu. Yana kishingiɗe a zaure ya ce in nuna masa abin da ya kai ni wata ƙasa. Ya juya ta ya ce, "Wannan 'yar abar?" Na kunna na miƙa masa hoton Gwaggo da zogalenta, ban gaya masa ko wace ce ba.

Ya nemo tabarau ya sa. Ya kawo allon kusa, ya nisanta shi. Sai na ga ya tashi zaune.

"Ina ka samu hoton Inna?"

Mahaifiyarsu yake nufi, wadda ta rasu tun kafin a haife ni, ba ta kuma taɓa tsayawa gaban kyamara ba.

"Baba, Gwaggo Tabawa ce."

Ya daɗe yana kallo, yana shafa gefen allon da babban yatsa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce ƙura ce ta shigar masa ido. Can ya lalubo 'yar wayarsa ya ce in kira masa ita. Tana ɗauka, ko gaisuwa bai bari sun gama ba.

"Tabawa, ashe haka kika tsufa ba ki gaya mini ba?"

Ina jin muryarta daga inda nake zaune. "Ni na tsufa? Kai da ka girme ni, aiko naka mu gani in kana da gaskiya!"

Suka yi ta yi, yana dariya yana tari. Da ya kashe wayar ya gyara hula, ya karkata fuska wajen hasken ƙofa.

"To, Sada, ɗauka ka aika mata," in ji shi. "Amma ta wannan gefen. Nan ne haƙoran suka rage."